Bakin Kwalbar Barkono

A tashar bas ta unguwar San Juan de Lurigancho, Yovana tana tsaye, ta dunƙule 'yar kwalbar feshin barkono a hannu. Jiya ta saye ta, bayan wani mutum ya biyo ta har ƙofar gida.

Matar da ke gefenta ta haura shekara sittin. Gajera ce, furfurarta kitso biyu, rigar sanyinta ta koɗe, tana rungume da jakar dankali kamar jariri. Ba titi take kallo ba, hannayen mutane take bi da ido. Yovana tana ayyanawa a ranta, wataƙila uwar 'yan mata ce da ta sha jiran dawowarsu a bakin ƙofa.

Matar ta ajiye jakar, ta kama hannun Yovana ba neman izini, ta juya kwalbar.

"'Yata, bakin kwalbar nan fuskarki yake kallo. Haka za ki makantar da kanki, ɗan iskan ya yi miki godiya. Ki lura da inda iska ta dosa. Kuma wanda ya kawo miki hari kawai za ki fesa wa, ba wanda ya ba ki haushi ba, kar ke ki kwana hannun 'yan sanda. Kina fesawa, ki ruga."

"Na gode, Mama. Wa ya koya miki?"

Matar ta sunkuya ta ɗauki dankalinta.

"Ni ba wanda ya koya mini a kan lokaci," in ji ta, ta hau bas.