Hatsin da Na Sa Aka Sussuke

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wata lakwal ta Sabon Gari, a Maraɗi, aka aiko mana da umarni mu koya wa yara tanadi. Soja ne ke mulki, kuma yunwar da ta gabata ce ta buɗe musu ƙofa, don haka ba su son a sake jin sunanta. Na ɗauki darasin da muhimmanci fiye da wanda ya rubuto shi. Na zana gida a allo, na kasa bukatunsa: ci, sha, magani, iri. Hankali kawai ake nema, in ji ni, ba tsoro ba. Har yau ina ganin darasin daidai ne. Malamin ne ke da gyara.

A Tsibiri, garinmu, Inna tana da rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci. Damman gero ne a ciki, da zangarniyarsu, an shimfiɗa toka da ganyen dogon yaro. Tun rasuwar Baba ita ke riƙe da shi, kuma irin da gidan zai shuka in an shiga matsi yana nan ciki. Ni da na karanta littattafai, sai na ga rumbun kara ne kawai, ashana ɗaya ta ishe shi. Na yi mata bayanin gobara, da ɓera, da ɓarawo. Na ce a sussuke, a zuba a buhu, in kai ɗakin ajiyata mai siminti da kwano da kwado.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma musu da ni a gaban mutane. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaya ko a lakwal an taɓa gaya mana dalilin da ya sa Allah ya yi wa hatsi riga. Na yi dariya. Na ɗauka barkwanci ne.

Kwana uku mata suna sussuka. Na ɗauko buhunan a amalanke, ina zaune bisansu kamar wanda ya ci yaƙi.

Da na riƙa fito da su ina shanyawa, wataƙila da sun tsira. Amma lokacin ne soja suka shiga fasa mangazar 'yan kasuwa masu ɓoye abinci, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne. Malamin lakwal da buhuna jere a tsakar gida, bayanin zai yi tsawo, kuma masu tambayar ba su da haƙurin saurare irin na Inna. Sai na rufe ɗakin, na bar shi. Damina ta zo siminti ya yi gumi, bazara ta zo kwano ya dafa abin da ke ƙasa. Ni dai kullum ina taɓa kwadon in ji yana nan.

Sai ruwa ya ɗauke. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe, irin da ke hannun mutane ya ƙare a ƙasa. Batun ci kuwa, Inna ta lallaɓa da tallafin masara da ganyaye har rani ya wuce. Da sabuwar damina ta matso ta aiko a ce mini lokacin tsimi ya yi, tana son iri.

Da rana tsaka na buɗe. Wari ne ya fara gaishe ni. Na soka hannu a buhun farko, ya fito da gari mai ɗumi, ƙwari suna yawo a yatsuna. Na ƙasa sun dunƙule, sun yi baƙi. Na buɗe su duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gyaran jarrabawar ajin da ya san kowa ya faɗi.

Na je Tsibiri hannu wofi. Na tarar da ita tana gyaran tsintsiya a gindin rumbun da na wofintar. Na durƙusa na faɗa mata, ba tare da dogon bayani ba, karon farko a rayuwata. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce in tashi in tafi Jiratawa wurin ƙanwarta, akwai dami shida a rumbunta, in ce ta ba ni.

Na tambaya yaushe ta kai su can.

"Ranar da ka tafi neman amalanke," ta ce. "Fari ban san ranar zuwansa ba. Ɗan fari kuwa na san shi."

A Jiratawa, ƙanwar Inna ta fito da damman. Ta murza zangarniya ɗaya a tafina. Ƙwayar ta zubo tsaf, kamar jiya aka yanke ta, kowace daga cikin rigarta. Dami shida ba su cika gonar ba. An shuka rabi, sauran ya kwana fili a shekarar, kuma duk Tsibiri sun san gonar waye, sun san dalili.

Na ci gaba da koyar da darasin tanadi har na yi ritaya. Zanen bai sake ba. Sai dai kafin in taɓa alli nakan aiki yara su tambayo tsofaffin gidansu yadda suke ajiya, da dalilinsu. Amsar nakan rubuta ta a sama, tawa a ƙasa. Ban taɓa gaya musu me ya sa ba.