Hular Kwanon Ƙasar Ƙanƙara

A shekarata ta biyu da kama aikin malamin gona aka ba ni babur. Lokacin ina zaune a Karaye, amma ƙauyukan da aka ɗora mini duk suna wajen Rogo ne, har su Ruwan Bago, don haka kusan kullum da sassafe ina kan hanya. Ranar da aka miƙa mana makullai, mu huɗu ne, shugaban ofishinmu ya tsaya a baranda ya ce duk wanda ya gani a kan babur ɗin gwamnati ba hular kwano, to daga ranar ya koma tafiyar ƙafa. Kuma mun san shi, in ya faɗa sai ya aikata. Aka shiga sito aka fito mana da huluna farare masu rufe fuska gaba ɗaya, da gilashin roba a gaba wanda ake ɗagawa a sauke.

Duk bazarar nan ni da hulata muka zauna lafiya. Gaskiya ma ina ji da ita. In na shigo gari sai in rage gudu don a ga mai tafiya.

Da damina ta kankama sai halinta ya fito. In an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ba na yin nisa daga Karaye sai hucin numfashina ya kwanta a jikin gilashin daga ciki. Da fari ya ɗan yi dishi-dishi, can sai ya yi fari fat kamar an shafa masa koko. In na ɗaga shi, yayyafi da ƙananan ƙwari su cika mini ido. In na sauke, in zama makaho. Sai na koyi riƙe numfashi, in yi tafiya mai ɗan tsawo ban shaƙa ba, in kuwa na sake shi gaba ɗaya duniya ta ɓace.

A hanyar tawa akwai Yola, Yolarmu ta Karaye, kuma can ne gidan surukina, mahaifin matata. Tsohon magatakardan dagaci ne, mutum mai tsafta da son tsari, wanda gaisuwa a wurinsa ba abin wasa ba ce. Ko ɗan cikinsa ya gaishe shi a tsaye sai ya sa an sake.

Wata Laraba na dawo gida da yamma na tarar da matata ta haɗe rai. Ta ajiye mini tuwo, sai da na wanke hannu ta ce, "Malam, me Baba ya yi maka?"

Na ce, "Wane Baban?"

"Baba nawa gare ni? Yau da safe yana tsaye a bakin hanya da farar rigarsa zai je suna, har ya ɗaga maka hannu. Ka wuce shi fuu, kuma ka bi ta cikin kwatami ka wanke shi da ruwan taɓo tun daga hula har takalmi. Inna ce ta aiko a gaya mini."

Tuwon nan ban san yadda ya wuce ba. Na tuna lallai na ga wani farin abu a gefen hanya, amma na ɗauka turken siminti ne.

Washegari bayan la'asar na je Yola. Na tarar da shi a zaure a kan buzunsa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa, na gaishe shi da gida da damina da gajiya. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya bai rage ko guda ba. Sai da muka gama ya ce, "Malam, ashe babur ɗin gwamnati ba a sa masa birki?"

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Wallahi ban gan ka ba. Hular ce take rufe mini ido."

"Miƙo ta in gani."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa, ya zura kansa a cikin tawa, ya sauke gilashin. Ga rana ta buɗe, gari ya yi ɗumi, gilashi garau. Ya juya dama, ya juya hagu. Daga ciki na ji muryarsa yana cewa, "Ni ga shi ina hango akuyar maƙwabta har da igiyar wuyanta."

Na yi ta bayanin sanyin safiya da huci, yana gyaɗa kai irin na wanda ya gama yanke hukunci. Daga ƙarshe ya ce ya yafe, amma yadda ya faɗe ta na san yafiyar ba ta kai ciki ba.

Daga ranar na ƙudura cewa duk farin abin da na hango a bakin hanyar Yola sai na tsaya. Kwana uku bayan haka, ana yayyafi, na hango fari a tsaye a gindin wata ɗorawa. Na taka birki, na kafe babur, na tsuguna cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

Shiru. Na ce a raina har yanzu fushi yake. Na ƙara sunkuyar da kai.

"Baba, ya ruwa? Ya mutanen gida?"

Sai na ji wani huci mai ɗumi a wuyana. Na ɗaga gilashi, muka haɗa ido da wani farin bijimi na huɗa, yana tuƙa. Mai shi yana gefe riƙe da garma, dariya ta hana shi tsayuwa daidai. Da ƙyar ya iya cewa, "Lafiya lau, Malam. Ya ce a gaida gida."

Kafin ranar kasuwar Rogo ta zagayo labarin ya riga ni isa. Manoman da nake koya wa tazarar shukar gyaɗa, in na zo sai su ce shanunsu suna gaishe ni.

Na shiga neman magani. Mai gyaran baburanmu a Karaye ya ce in goga sabulu a cikin gilashin in bari ya bushe. Ya yi aiki na ɗan lokaci, amma da danshi ya shiga sai ya narke ya riƙa gangarowa, ina kallon hanya ta cikin kumfa. Mai shayin bakin tasha ya ce shi direbobin manyan motoci ya gani suna goga albasa. Na yanka babba na goge gilashin ciki da waje, na rufe fuskata a ciki na kama hanya. Tun kafin in fita gari hawaye suka ɓalle. Ranar kuwa ina da taro da manoma a ƙofar gidan mai unguwa a Ruwan Bago. Na isa, na cire hula, idanuna jajir, majina na zuba. Mai unguwa ya dube ni, ya cire carbinsa daga aljihu, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, wa muka rasa?" Kafin in buɗe baki dattawa sun ɗaga hannu za a yi addu'a.

Na koma wa mai gyaran babur. Ya ce iska ce ba ta shiga, ya gasa ƙusa a wuta ya huda gilashin wuri shida. Tururin ya ragu kaɗan, amma sai hular ta koma busa. Da na ƙara gudu sai ta kama fito mai tsini, karnukan ƙauye su fito su bi ni har bayan gari.

Matata ce ta gaji ta ce, "Malam, ka je Kano ka nemi hular kirki, tun kafin ka gaida jaki."

Ranar Asabar na hau mota. A layin 'yan gwanjo na sami wani dattijo da ya tara hulunan kwano a kan buhu kamar ƙwarya. Na gaya masa matsalata. Ya ce duk nasa ba sa yi, in sa in gani. Amma zauren surukina ya koya mini darasi: da rana tsaka kowace hula mutuniyar kirki ce. Na ce ya jira ni. Na je wurin masu sayar da zoɓo na samo guntun ƙanƙara a leda na dawo.

"Wannan fa?" in ji shi.

Na ce, "Alhaji, damina na zo da ita."

Sai in ɗauki hula, in goga ƙanƙara a bayan gilashin har ya yi sanyi, in sa a kai, in yi ta huci kamar wanda ya yi tsere. Ta farko ta rufe nan take. Ta biyu ma haka. Kafin in kai ta biyar mutane sun zagaye mu, ana tambayar ko maganin farfaɗiya ake gwadawa. Dattijon da farko ya ji haushi, daga baya abin ya ba shi sha'awa, shi ne ma yake riƙe mini ƙanƙarar.

Da muka gama da na kan buhun, babu wadda ta tsira, sai ya ce, "Tsaya. Akwai wata da ta daɗe a nan, kowa ya ɗaga sai ya ajiye."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin tebur. Ƙatuwa ce, ja kamar manja, cikinta shimfiɗe da wani abu mai laushi kamar gashin tunkiya. Gilashinta biyu ne a manne, da 'yar tazara a tsakaninsu. A ciki akwai wata baƙar roba da take zama a kan hanci da baki, ta tura numfashi ƙasa ya fita ta wasu ƙofofi a haɓa. A ƙeyarta an liƙa hoton wani mutum a kan abin hawa mai kama da babur, amma babu taya, sai wasu dogayen katakai biyu a gaba, yana sulɓi a kan farar ƙasa.

"Ta mutanen ƙasar ƙanƙara ce," in ji dattijon. "Can an ce in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare. In gilashinsu ya rufe ai sun mutu."

Muka goga mata ƙanƙara har ta ƙare a hannunmu. Na sa, na yi huci, na yi haki, har jiri ya fara ɗibata. Gilashi garau, ina ganin haƙoran kowa. Na ɗaga babban yatsa, 'yan kallo suka sa tafi. Muka daidaita da dattijon na rungumo ta zuwa tasha.

Litinin ɗin da ta biyo baya aka tashi da marka. Na fita a cikinta, kuma a karo na farko tun faɗuwar ruwa na ga hanyar da nake bi kullum. Dawa ta kai ƙugu, gyaɗa ta rufe kunya, fadamu sun cika, balbelu na bin masu huɗa. Ashe duk wannan kyan nake wucewa ina riƙe da numfashi.

Sai dai ban lura da abu biyu ba a Kano. Na ɗaya, gashin nan ya toshe kunnuwa, ko ƙarar babur ɗina da ƙyar nake ji. Na biyu, ban taɓa ganin kaina a cikinta ba. A wata rijiya kafin Yola na rage gudu don in gaida mata, suka dubi jan kai da baƙin hanci, suka watsar da guga suka yi cikin gero.

Ina shiga Yola na hango surukina tun daga nesa, tsaye da lema a ƙofar masallaci. Wannan karon babu kokwanto, har ɗinkin wuyan rigarsa ina gani. Murna ta kama ni. Na tsaya, na sauka, na durƙusa a gabansa, na kai hannu zan cire hula, sai maɓallin igiyar haɓa ya ƙi buɗewa. Na ja, na murɗa, ya ƙi. Na ce to gaisuwa ba ta jira, na fara daga ciki.

Abin da ya ji, kamar yadda ya ba da labari daga baya, wani gurnani ne kamar daga cikin randa. Ya ja da baya ya saita ni da tsinin lema. Ina ganin bakinsa yana motsi, na ɗauka amsawa yake, sai na riƙa cewa, "Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi." Ashe cewa yake, "A'uzu billahi! Wane ne kai? Mutum ko aljan?" Ni kuma ina ta ba shi lafiya lau.

Babur ɗin ne ya cece ni, don ya gane lambar gwamnati. Ya matso a hankali ya leƙa ta gilashin, muka haɗa ido. Ya miƙa wa ladan, da ya fito daga masallaci, lemarsa, ya sunkuya ya lalubi maɓallin da yatsunsa na tsohon marubuci, ya danna wani ɗan harshe da ban san da shi ba. Ladan ya riƙe kafaɗuna, shi ya ja, kaina ya fito jiƙe sharkaf da gumi.

Ya juya hular a hannunsa ya daɗe yana duban hoton ƙeyar. Na yi masa bayanin gilashi biyu da robar hanci. Ya sa ta a cikin yayyafin nan, ya yi huci sau uku, ya cire.

"Ita waccan farar, da sanyin safiya ba haka take yi ba?"

"Rufewa take ruf, Baba."

Ya miƙo mini ita, ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma in za ka gaida mutane ka riƙa cire ta tun daga nesa, akwai masu hawan jini a garin nan." Ya sa aka kawo mini kunu mai zafi, na sha a tsugune kafin in wuce.

Da yamma matata ta sa reza ta farke gashin da ke wajen kunnuwa, na dawo ina ji. Zafi kam ba ta da maganinsa. Da hantsi ya yi sai in ji kaina yana dahuwa, don haka na koma fita tun da asuba in gama zagayena da wuri, abin da manoma suka fi so ma, tunda a gona nake samunsu. Shugaban ofis ya kira ni ya zagaya hular sau biyu yana neman laifi, daga ƙarshe ya ce shi dai hula ya ce, bai faɗi launi ba.

Abokan aikina biyu sun je Kano da ƙanƙararsu a leda, suka zazzage layin 'yan gwanjo, ba su sami irinta ba. Damina bakwai na yi da ita tsakanin Karaye da Rogo. Da aka mayar da ni aikin tebur na bar ta ga wanda ya gaje ni, wani siririn mutumin Daurar Karaye. Kansa ƙarami ne, sai da ya riƙa naɗa rawani a ciki kafin ta zauna, in ba haka ba da ya waiwaya sai shi ya juya, hular tana nan tana kallon gaba.