Gishirin Foga a Tafkin Alhaji

Ban gama firamare ba, kuma ba na son doguwar magana. Mutumin Argungu ne ni, gidanmu masunta. Tun ba a yi jihar Kebbi ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, bayana ya ƙi jan taru, sai kawuna ya samo mini aiki a Birnin Kebbi, gidan wani Alhaji mai fataucin albasa, can wajen Gwadangaji.

Hawan jini ya kayar da Alhaji, ɓarinsa na dama ya shanye. Likita ya ce ya riƙa tafiya cikin ruwa, wataƙila ƙafar ta dawo. 'Ya'yansa suka gina masa tafkin siminti a bayan gida, zurfinsa iya ƙirji. Maganin da ake zuba wa irin wannan tafki yana ƙona masa fata, shi ya sa aka kawo inji mai aiki da gishiri. Aikina shi ne in kula da ruwan, in kuma riƙe Alhaji a ciki. Shi burinsa bai wuce ya taka zuwa masallacin ƙofar gida da ƙafarsa ba. Ya ce ya gaji da a ɗauke shi kamar buhun albasa.

Makanikin da ya ɗaura injin, wani dattijo mai haƙuri daga Sakkwato, shi ya koya mini. Ya nuna mini akwatin da ruwa ke ratsawa, da wasu ƙarafa a ciki waɗanda wuta ke bi ta mai da gishiri maganin ƙwayoyin cuta. Ya ba ni 'yar kwalba da jan magani na ɗigawa. In ruwan gwaji ya yi rawaya, tsami ya yi yawa. In ya yi ja kamar zoɓo, kanwa ta yi yawa. Abin da ake nema kalar cikin gwanda. Gishiri kuma fari tas, kar in sa wani iri. Na tambaye shi yawansa, ya ce in ɗanɗana, ya zama kamar miyar da aka yi wa rowa.

Alhaji kuwa an hana shi gishiri sam. Yana zaune a kekensa yana kallon ina juye buhu, sai ya ce tafki ya fi shi gata a gidan nan. In muka shiga yakan nutsa haɓarsa da gangan.

"Alhaji, na gan ka hwa."

"Kurkure baki nika yi, ɗan masunta. Riƙe ni dai."

Kafin damina ya fara jan ƙafar shi kaɗai, ina tallabe da ƙugunsa. Sai ruwan sama ya zo ya tsinka gishirin tafkin, ga shi shekarar farin gishiri ya yi wuya a kasuwa. Alhaji ya aika aka sayo na Foga, mai duhun nan da ke zuwa ta Kamba a ƙunshin kaba. Na tuna masa maganar makanike. Ya ce gishirin da kakanninsa suka ci ba zai gagari kududdufi ba. Ni ma a raina gishiri gishiri ne. Na zuba.

Washegari ruwa ya koma kamar na wankin shinkafa. Gwaji ya nuna zoɓo. Ƙarafan injin suka yi farin ɓawo, daga baya gansakuka ta kama bango. Alhaji ya daina shiga, ƙafar ta fara sanƙarewa muna gani. Babban ɗansa ya zo da faɗa, ya ce a sallame ni. Alhaji ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ni na sa shi. In kora za ka yi, ka fara da ni." Har yau ban manta wannan ba.

Makanike ya zo, ya lashi gishirin, ya yi dariya har da tari. Bai zagi kowa ba. Ya ce na Foga da kanwa a jikinsa, a miya alheri ne, a nan masifa. Muka zubar da rabin ruwan, muka cika da sabo, muka kankare ƙarafan. Sai asid, don ya kashe sauran kanwar. Ya ce kullum asid ake zubawa cikin bokitin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, kuma kaɗan kaɗan. A zuba, a bar inji ya juya, a gwada, a jira. Ni mutum ne mai gaggawa, jiran nan ya fi jan taru wuya. Direbobin Alhaji da ke kai albasa kurmi su suka dawo mana da farin gishiri, kowa abin da ya samu.

Ran da kwalba ta nuna gwanda na kai wa Alhaji har ɗaki. Ya duba, ya ce a kawo gajeren wandonsa. Mun koma baya sosai, sai da muka sake farawa daga riƙe bango. Bai yi mita ba, ni ma ban yi ba. Bayana ma a cikin ruwan nan ya saki, ban san lokacin ba.

Bayan an girbe shinkafar fadama, wata la'asar ya ce a ba shi sanda. Na bi shi a baya, hannuna a buɗe, ban taɓa shi ba. A hankali ya kai masallacin, har an tayar da salla, amma ya kai. A bakin ƙofa ya cire takalminsa da kansa.

Sauran gishirin Foga ragunan gidan suka lashe shi. Allah ya jiƙan Alhaji, ya saka wa dattijon makaniken nan da alheri. Har gobe in matata ta rage gishiri a miya ba na magana.