Yaya Ilu da Lissafin Haɗa Kai

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san ba a share masa tsakar gida. Nan yake tsugunawa da tsinke yana zana lissafi a ƙasa, can kuma ya ɗaga kai ya ƙura wa duwatsun Dutse ido yana murmushi shi kaɗai. Ni ƙanwarsa ce, na sha kallo.

Tun da ya bi Turawan safiyo yana ja musu sarƙar awo, ya dawo mana da wani lissafi wai logaridim, shi dai logo yake ce masa. Wai logon abu kaza da logon abu kaza, in ka tara su sai su dunƙule su zama logo ɗaya, abubuwan su ninka juna a ciki. In kuwa ka debe, rabawa ce.

Ran nan matarsa Hajjo ta share zanen tas.

"Hajjo! Kin kashe ni! Saura ƙiris su haɗu!"

"To Malam, su haɗu a bola mana."

Wallahi sai da ya leƙa bolar.

Da kaka ta yi, ya rantse gero da dawa rumbu ɗaya za su shiga, wai barinsu daban ɓata lissafi ne. Shekarar nan mun ci tuwon da ba mai iya faɗin sunansa. Shi kuwa yana lomarsa yana cewa, "Kun ji ninki?"

Bayan rasuwar Baba, ƙaninmu Sale ya ce a raba gandu kowa ya kama nasa. Hankalina ya tashi, don na san Yaya ba ya iya noma, yaransa za su sha wuya. Yaya ya zaunar da Sale, ya ɗauki tsinke.

"Ka raba abu da kansa, ɗaya ke fita. Logon ɗaya kuwa sifili ne. Ni da kai abu ɗaya ne, Sale."

Tun hantsi yake bayani har la'asar. Sale ya dafe kai ya ce, "Yaya, ban gane komai ba, amma na gaji. A bar gonar!"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, mun zaci lissafi zai yi mana. Sai ya kama hannun Sale ya ce, "Yarana." Sale ya fashe da kuka. Har yau rumbun Sale yaran suke ci.

Ina kewarka, Yaya. Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya tara mu a inda ba a rabuwa.