Ranar da Inna Taibatu Ta Zubar da Jiƙonta

Duk ranar kasuwa a Talata Mafara za ka tarar da Inna Taibatu gefen 'yan tumatir, kwalabenta jere a kan buhu. Mutuniyar Garbadu ce. A bayan gidanta take shuka kusbara, ɗan ganyen nan mai ƙamshi, ta jiƙa ganyen cikin ruwan khal mai tsami sati biyu, ta tace. Shekara talatin ke nan, mai kumburin ciki da wanda abinci ya fita ransa wurinta suke zuwa. Bakinta kuwa ya fi jiƙon tsami, ba ta yi wa kowa kara.

Sai labari ya bazu a wayoyi wai ruwan kusbara yana fitar da gubar dalma daga jini. Masu haƙar zinari suka yi mata caa. Sanusi, ɗan ƙanenta mai idon ciniki, har takardar talla ta mannawa a kwalba ya bugo. Ta ce ya manna a goshinsa.

Wata Talata Ummulkhairi, matar wani mahaƙi daga wajen Maradun, ta iso goye da 'yarta Amira. Yarinyar tana ta fizge-fizge, idanu sun kafe.

"Inna, ina wuni, ina gajiya? An ce ke ad da maganin dalma."

"Ina kuka dakan dutsen zinarin?"

"Cikin gida, Inna, ga turmi."

"Wane turmi?"

"Guda muka da. Muna wanke shi kahin mu daka gero."

Ran Taibatu ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ta. Kafin ta yi magana Sanusi ya danƙa wa matar kwalba, wai ko don hankalinta ya kwanta. Taibatu ta san mutanenta sarai. In kwalbar nan ta shiga gida, za a zauna jiran ta yi aiki, ba mai sake zancen asibiti sai yarinya ta tafi.

Ta fizge kwalbar ta tuttular a kwata. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, aikin wata guda, kasuwa na kallo.

"Kusbara ta ciki ce, ba ta jini ba! Ban yi wa kowa ƙarya da ita ba, ba ni hwarawa ga jinjira!"

Wasu suka ce tsohuwa ta zare. Ko a jikinta. Ta tare ɗan kabu-kabu, ta ɗora Ummulkhairi a babur ɗin, ita ma ta haye baya, sai asibiti.

Bayan kwana uku mijin, Falalu, ya same ta a ƙofar asibitin yana huci. Da izinin wa ta kawo masa iyali nan?

Taibatu ko tashi ba ta yi ba.

"Ɗiyarka tana gado na huɗu. Ɗazu ta buɗe ido, ta sha nono. Shiga ka gaya mata ba ka yarda ba."