Ranar da Mama ta ga masu zuwa makokinta

"Wayyo Yaya, kin tafi kin bar ni!" Da wannan kukan Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata, ta faɗo gidanmu daga Gidan Sori, ta tarar da Mama zaune tana gyaran zogale.

Laifina ne. Na ba 'yan fim hayar gidanmu na kwana biyu, duk karatuna ban tambayi abin da za su ɗauka ba. Ashe zaman makoki ne. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka yi jugum, mata na kuka a ciki. Wani ya gani ya buga wa dangi waya wai Mama ta rasu, kafin la'asar sun cika gida.

Inna Hajo ta share hawaye. "Yaya, ashe kina raye?"

"Ina raye. Ina Sani?"

"Ya ce sai ya ƙare shuka, zai zo sadakar uku."

Kawu Sani autansu ne, Mama ce ta goya shi. Sati biyu ke nan ba ta ɗaga wayarsa, ni ke ta kai-komon ban haƙuri. Na gaji.

Jama'a, yaya ake sasanta mamaciya da wanda bai zo jana'izarta ba?