Kunkurun Baba a Ƙarƙashin Katanga

Kunkurun gidanmu ya girme ni. Baba ne ya tsinto shi a hanyar Dawce tun kafin a haife ni, lokacin bai fi tafin hannu ba. A shekarar da abin nan ya faru Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina zaune da Inna a gidanmu na Matamaye. Kunkurun ya kai girman masaki, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Ni ke ba shi abinci, yau ganyen yakuwa, gobe ɓawon kankana.

Da bazara ta tsananta, sai ya fara tono a gindin katangar gabas. Ya yi ta watso ƙasa da ƙafafu har ya shige. Wata safiya na kai masa ganye ban gan shi ba, na ajiye a bakin ramin. Da la'asar na tarar ganyen ya bushe inda na bar shi. Haka gobe, haka jibi, har watan ya mutu wani ya tsaya.

Katangar ta ƙasa ce, kuma ba tamu kaɗai ba ce. Ita ce bangon ɗakin mahaifiyar maƙwabcinmu Alhaji, tsohuwa ce da ba ta tashi sai an kama ta. Wata rana Alhaji ya yi sallama ya shigo, ya gaida Inna, ya daɗe tsaye a kan ramin.

Ya ce da ni, "Ɗiyata, ba rigima ta kawo ni ba. Amma kin ga gabas ta fara haɗa gira. In ruwa ya shiga ramin nan, bangon zai zauna, kuma kin san wadda ke kwance a bayansa. Gara a cike shi."

Na ce, "Alhaji, ai yana ciki."

"Kin tabbata da ransa?"

Na sake leƙa ramin. Inna ta juya fuska ta ce Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri.

Na kira yayana da ke aiki a Damagaram. Ya ce kada mu kuskura mu taɓa shi, wai ya gani a waya kunkuru yana barcin watanni, in aka tashe shi da ƙarfi mutuwa yake yi. Hankalina bai kwanta ba, ranar kasuwa na je wurin likitan dabbobi. Shi kuma ya ce wannan barcin na kunkuran ƙasashen sanyi ne, namu ba ya bukatarsa, zafi kawai yake gudu ya lafe inda ƙasa ke da laima. Har na fara hamdala, sai ya ƙara da cewa wani lokaci rami kan rufta ya danne shi, ya kasa juyowa. Na dawo gida da damuwa biyu maimakon ɗaya.

Daga nan ramin ya zama aikina. In na idar da sallar asuba, can nake nufa in durƙusa in shaƙi iskar da ke fitowa, ina tsoron in ji wari. Na zura gora mai tsawo, ta tafi har ta ƙare ba ta taɓa komai ba, don ramin ya karkata. Na share bakinsa na barbaɗa toka ko zan ga sawu, sawun ƙadangare kaɗai na gani. In na ji tsohuwar tana tari ta bayan bango, sai in ɗaga kai in duba gabas. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. In ce a cike, ƙila in binne mai rai. In ce a jira, ƙila bango ya faɗa wa mutum.

Ranar da hadari ya taso ya yi baƙi ƙirin, iska ta watsar da shi ba tare da ɗigo ya sauka ba, Inna ta kira ni. Ta ce, "Ki je ki ce wa Alhaji ya kawo magini. A tona a hankali. In ya mutu mu gani da idonmu, in yana da rai mu gani."

Washegari aka mayar da tsohuwar wani ɗaki, aka tokare bangon da itace. Magini ya bi ramin da hauya, ni ina kwashe ƙasa da kwano. Duk saran da ya yi sai in ce, "A hankali, don Allah." Ramin ya ratsa ƙarƙashin katangar, ya shiga har tsakiyar ɗakin tsohuwar. Da Alhaji ya ga haka sai ya yi salati ya dafe kai.

Wajen azahar magini ya ajiye hauya ya sa hannu. Ya ce, "Ga ƙoƙon bayansa." Ya share ƙasar. Babu motsi. Na tsuguna na taɓa ƙafar baya, na ji ta da sanyi, hawaye suka cika mini ido. Sai muka ji wani dogon huci, ƙafar ta janye ciki.

Da ƙyar magini da Alhaji suka jawo shi. Idanunsa sun faɗa, fatar wuyansa ta yi yaushi. Na zuba ruwa a daro, ya tsoma kai ya yi ta sha, mu duka muna tsaye muna kallonsa. Aka cike ramin da duwatsu da jar ƙasa aka daddaɓe. A tsakar gida, nesa da kowane bango, muka yi masa rumfa muna jiƙa ƙarƙashinta.

Ruwan farko ya sauka cikin makon nan, mai ƙarfi. Bangon ya tsage kaɗan daga ƙasa amma bai faɗi ba. Alhaji bai yarda ya mayar da mahaifiyarsa ɗakin ba sai da kaka ta yi, kuma duk daminar nan, in an ɗauke ruwa, ni da shi mukan haɗu a gindin katangar, kowa ta gefensa, ina jin yana ƙwanƙwasa bangon ina amsa masa cewa nan ma lafiya lau.